Sauke giyar mota da mayar da ita: abin da notukan haɗi ke yi, da inda aiki ke ɓaci

A tashoshin mota da garejoji akwai maganar da ta zama kamar doka, wai giyar da aka taɓa saukewa ba ta komawa daidai. Shi ya sa mai sayen mota yakan durƙusa ya leƙa ƙasa, ya duba ko sifana ta taɓa cizon kawunan notuka. Shi ya sa kuma direbobi da yawa, da zarar giya ta fara kuka, sai su nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman 'yar Beljiyam, wato giyar da aka yi amfani da ita aka shigo da ita daga waje, ba sa ko son jin zancen buɗewa. Maganar tana da tushe, domin an sha gani. Sai dai kamfanonin da suka ƙera motocin nan sun tsara giya ne don a riƙa sauke ta. Faifan kulochi abu ne mai cinyewa, kuma a galibin motoci babu hanyar kai masa sai an raba giya da injin. A ganina, abin da ya fi kashe giyar da aka sauke yana wurin haɗin nan ne: notuka bakwai ko takwas ko goma, da 'yan turaku biyu na ƙarfe, da yadda aka mayar da su.

Kafin a kai can, akwai tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa makanikensa: me ya nuna cewa sai an sauke? Kunne da ƙafa suna ba da amsa mai yawa. Idan mota tana firi, injin na aiki, sai ka taka kulochi ƙara ta taso, ka saki ta ɗauke, boris ɗin kulochi ne. Idan akasin haka ne, ƙarar tana nan sai ka taka kulochi ta yi shiru, zargi ya koma kan boris ɗin shaf ɗin da ke shigar da ƙarfi cikin giya. Giya ɗaya tak da ke gurzawa yayin sawa, misali lamba biyu ko uku, tana nuna zoben tagulla na wannan giyar, mai daidaita gudun haƙora yayin sa giya, ya cinye. Amma idan duka suna wuyar shiga, ribas ma tana ƙara, to kulochi ne ba ya saki sosai, kuma sau da yawa waya ce ta saki ko mai ya tsiyaye daga famfon kulochi, abin da ake gyarawa ba tare da an sauke komai ba. Giyar da ke fita da kanta a kan hanya na iya zama lalacewar ciki, tana kuma iya zama sit ɗin roba da injin da giya ke zaune a kai ne ya yage, injin yana rawa yana fizgar sandar giya. A otomatik kuwa, a fara duba yawan mai da launinsa da warinsa, a sa kwamfutar gwajin mota ta karanto abin da ke rubuce. Matsalar waya ko ta sensa ko ta solanoyid, wato 'yar na'urar lantarki mai buɗe wa mai hanya, takan sa mota ta maƙale a giya ɗaya, kuma a motoci da yawa ana kai wa waɗannan ta kwanon giya tana nan a wurinta.

Idan ta tabbata sai an sauke, abu na farko a cire wayar batir ta nagatif. Kik yana ɗaure ne a bakin giya, kuma babbar wayar da ke zuwa masa tana da wuta ko an zare makulli. Sifana ta taɓa ta ta taɓa ƙarfen mota, sai tartsatsi da ƙuna. Na biyu shi ne abin da mota za ta zauna a kai. Jak na ɗagawa ne kawai, ba wurin zama ba ne. Bulon siminti kuma yana fashewa farat ɗaya ba tare da ya ba da alama ba. Wanda ba shi da ƙafafun ƙarfe na ɗora mota, gara ya nemi guntayen katako masu kauri, ya tare tayoyin da suka rage a ƙasa, ya girgiza motar da hannu kafin kowa ya shiga. Wannan ya fi shafar yaran gareji, domin su ake turawa ƙasa. Giyar hannu ta ƙaramar mota takan kai kilo 30 zuwa 45, otomatik kuma ta kan haura kilo 70. Ba kayan da za a tara da ƙirji ba ne.

Sauran kwance-kwancen sanannu ne. A tsiyaye mai, a cire sandar giya ko wayoyinta, da wayar sifidomita, da ta fitilar ribas, da famfon kulochi na ƙasa (kada kowa ya taka feda bayan an cire shi, fistin ɗinsa zai fito). A mota mai jan gaba kamar Corolla ko Golf, shaf biyu na tayoyi za su fita. A mai jan baya kamar Hilux ko Hiace, furofela ce za ta fita, kuma a yi mata alama da fenti a wurin haɗinta don ta koma yadda take, in ba haka ba mota na iya fara karkarwa idan ta yi gudu. Sannan a tallafi injin. A mota mai jan gaba, sit ɗin giya yana ɗauke da rabin nauyin injin, ana cire shi injin zai sunkuya ya ja tiyo da wayoyi. Ana rataye shi daga sama da ƙarfe mai gicciye, ko a tallafe shi daga ƙasa da jak da katako a tsakani, don kada kwanon baƙin mai ya lotsa.

Yanzu ga wurin da nake son a tsaya. Bakin giya, wato faffaɗan ɓangaren da ya rungume kulochi da fulawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan injin), yana haɗuwa da bayan injin fuska da fuska. Mutane suna ɗauka notuka ne ke daidaita wannan haɗin. Ba su ba ne. Ramin da noti ke bi ta jikin giya ya fi notin faɗi, da gangan aka yi shi haka don ya shiga cikin sauƙi. Masu daidaitawa su ne 'yan turakun nan biyu gajeru, dawel, wasu cikakku wasu kuma masu rami a tsakiya da noti ke ratsawa. Su ne ke sa tsakiyar karanshaf, wato babban shaf ɗin injin, da tsakiyar shaf ɗin giya su tsaya a layi ɗaya, da kuskuren da bai kai rabin milimita ba. Idan ɗaya ya faɗi cikin ƙasar gareji ba wanda ya kula, ko ya tafi a jikin tsohuwar giyar da aka canza, mota za ta tashi lafiya, ta fita daga gareji lafiya. Amma daga ranar shaf ɗin yana juyawa ne a karkace. Duk zagaye ɗaya yana lanƙwasa tsakiyar faifan kulochi, yana matsa boris, yana cin sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Injin da ke yin zagaye 3,000 a minti yana maimaita wannan sau 180,000 a awa guda. Bayan 'yan watanni sai faifan ya tsage ta tsakiya, ko sil ya fara yoyo, ko a otomatik siririn farantin da ke maimakon fulawil ya tsage a kewayen notukansa ya riƙa ƙwanƙwasa. Sai a ce kayan ne ba su da kyau, a sake sayo wasu, a sake ɗaurawa a kan karkataccen haɗin. Akwai kuma kishiyar wannan matsalar: dawel ɗaya ya rage a injin, giyar da aka sayo ta zo da nata a rami ɗaya, su yi karo, a matse da noti har alminiyam ya fashe.

Aikin noti shi ne matsewa. Noti da aka ɗaure daidai yana ɗan miƙewa, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarinsa na komawa tsawonsa shi ne ƙarfin da ke haɗe fuskokin biyu, kamar igiyar roba da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur: in ba a ja ta ba kaya za su yi rawa, in an ja ta fiye da kima ta saki har abada ko ta tsinke. Wannan matsewar ce ke hana giya motsi a jikin injin, ba kaurin notin ba. Idan an bar noti biyu na sama saboda hannu ba ya kai musu, wannan gefen yana buɗewa yana rufewa duk lokacin da aka ba mota wuta aka saki. Sauran notukan suna ɗaukar nauyin da ba nasu ba, su fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya, ramin dawel ya yi faɗi. Kuma notukan saman nan su aka fi bari. A mota mai jan baya, hanyar kai musu ita ce a cire ƙarfen da ke tallafe da wutsiyar giya, a ɗan saukar da ita, a zuro soket da dogayen sanduna daga baya. Aiki ne mai cin rai, amma yana yiwuwa, kuma makaniken da ya ce miki ko maka "waɗannan ba su da amfani" bai faɗi gaskiya ba. Kamfani ba ya kashe kuɗin huda ramin da ba ya buƙata.

Notukan kuma ba tsawonsu ɗaya ba, ko da kawunansu sun yi kama. Wani yana ratsa kauri mai yawa, wani yana ɗauke da kik ko ƙarfen riƙe waya. Idan aka sa dogo a ramin gajere, zai taɓa ƙasan ramin ya tsaya, hannu ya ji ya ɗaure alhali bai matse komai ba, ko ya fasa ƙasan ramin, ko ya leƙa ciki ya goga fulawil. Idan aka sa gajere a ramin dogo, zai kama tiredi, wato layukan murɗi na cikin ramin, uku ko huɗu kawai, ana matsawa ya yago su. A alminiyam ana son noti ya shiga aƙalla kusan ninki biyu na kaurinsa. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: a samu kwali, a zana bakin giya a kai, a huda, duk notin da ya fito a soka shi a inda ya dace. Garejin da ake zuba notuka duka a kwano ɗaya ko a kan yashi, sai an yi sa'a kowane ya koma gidansa, ga yashin da ya shiga tiredi yana gurza shi.

Sai batun aro. Noti ya ɓace, yaro ya je akwatin tarkace ya ɗauko mai kama da shi. A nan ake yin ɓarnar da ba a gani. Motocin Japan da na Turai duk ma'aunin milimita suke bi, amma tazarar tiredinsu ta bambanta. Noti mai kaurin milimita 10 a Toyota ko Nissan yawanci tazararsa 1.25 ce, kansa kuma sifana 14. Irinsa a motocin Turai yawanci 1.5 ce, kansa 16 ko 17. Zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije. Wanda ya sani zai tsaya. Wanda bai sani ba zai ƙara ƙarfi, notin ƙarfe ya yanka sabuwar hanya a cikin alminiyam, ramin ya mutu. Haka nan ƙarfin ƙarfen. Lambar da ke kan noti, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ita ce darajarsa: 8.8 yana ɗaukar kusan 800 MPa (ma'aunin jan da ƙarfe ke jurewa) kafin ya tsinke, 10.9 kusan 1,000. Toyota tana da nata alamomin, lamba ɗaya ko 'yan layuka a kai. Notin da ba shi da kowace alama, irin na ƙofa da gini, ba shi da wuri a jikin giya ko fulawil. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kowane noti ya shiga da yatsu zagaye da yawa kafin sifana ta taɓa shi.

Ƙarfin ɗauri ma a rubuce yake. A littafin gyaran Corolla ta shekarun 1990, manyan notukan haɗa giya da injin 64 Nm ne, matsakaita 46 Nm, ƙananan da ke riƙe murfin kulochi a fulawil kuma 19 Nm kacal. Don a gane girman waɗannan lambobi, 64 Nm shi ne a ɗora kusan kilo 22 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, 19 Nm kuma bai kai kilo 7 ba. Mutum mai kilo 60 da ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya a sifana ya hau kai ya kusa 600 Nm. Bututu na kwancewa ne, ba na ɗaurewa ba. Kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ke sawa yana tafiya ne wajen gogayya, a tiredi da ƙarƙashin kan noti, ɗan abin da ya rage ne ke miƙar da shi. Ma'anar wannan ita ce noti mai tsatsa yana iya cije hannu bai matse ba, wanda aka jiƙa da mai kuma yana iya wuce iyaka da ƙarfin da aka saba. A goge tiredi da burushin waya, a bar shi a bushe sai in littafin ya ce a shafa wani abu. Sifana mai auna ƙarfi ba ta kai kuɗin giya ɗaya ba, kuma ina ganin duk garejin da ke karɓar aikin kulochi ya kamata ya mallaki ɗaya, ko da karo-karo ne.

Golf 3, wadda ta fito a 1991 kuma har yau take jigilar fasinja a hanyoyin Arewa, ta cancanci a ware mata magana, domin mai injin 1.8 da giyar da ake kira 020 ta saɓa wa abin da aka saba. Kulochinta a juye yake: murfin ne ke ɗaure a karanshaf, fulawil kuma ya biyo baya ta ɓangaren giya. Boris ɗin kulochi ba ya cikin bakin giya, yana can ƙarshenta a bayan wani koren murfi, yana tura wata siririyar sanda da ta ratsa cikin shaf. Saboda haka ana canza boris ɗin ba tare da an sauke giya ba, abin da ya kamata mai mota ya sani kafin a caje shi kuɗin saukewa. Idan sil ɗin sandar nan ya lalace, man giya yana bi ya jiƙa faifan kulochi. Notuka shidan da ke riƙe murfin a karanshaf irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake amfani da su. Dogayen notukan kik su ne kuma ke riƙe da ƙarfen sit ɗin injin na gaba, don haka sai an tallafi injin kafin a zare su. Akwai wani ɗan faranti a ɓoye a bayan inda shaf ɗin dama ke ɗauruwa, wanda in an manta da shi giya ba za ta fito ba. Notukan shaf ɗin kuma masu tsini goma sha biyu ne a ciki, suna da makullinsu, in aka tura musu alanki mai kusurwa shida sai kan ya cinye. Giya ta biyar tana can gefe, ita ce ta farko da ke rasa mai idan ya ragu, shi ya sa a motocin doguwar tafiya ita ke fara mutuwa.

Wajen rabuwa, giya ta fito a miƙe har shaf ya bar faifan kulochi. Kada a bar nauyinta ya rataya a kan shaf ko na ɗan lokaci, faifan zai lanƙwashe. Idan ta ƙi motsi, a fara zargin akwai notin da ya rage kafin a ɗauki guduma. A otomatik akwai ƙarin mataki: kwanbata, wato ƙullutun ƙarfe mai cike da mai da ke maimakon kulochi, tana ɗaure da farantin injin da notuka, shida a Toyota da yawa, ana kai musu ɗaya bayan ɗaya ta wata taga a ƙasa ko ta ramin kik, ana juya injin da hannu. A kwance su tukuna, kwanbata ta fito tare da giya, a kuma tare ta kada ta zame ta faɗi.

Da giya ta sauka, a yi amfani da damar, domin wahalar a saukewar take. A duba sil ɗin bayan karanshaf, in yana jiƙe a canza. A duba fuskar fulawil, in ta yi shuɗi ko ta tsattsage a kai a goge ta ko a canza. Faifai da murfi da boris a canza su tare. Ƙurar da ke cikin bakin giya kada a hure ta da iska, a wanke ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsofaffin faya-fayai da wasu masu arha suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A mota mai jan baya akwai ɗan boris a tsakiyar karanshaf da ke riƙe hancin shaf, a sa yatsa a juya shi. A Golf kuma akwai ɗan bushi a bakin giya da hancin kik ke zama a ciki, in ya cinye kik zai riƙa ja da ƙyar a ɗauka batir ne.

Man da aka tsiyaye da maganaɗisun da ke jikin murfin tsiyaya suna faɗin halin ciki. Laushin baƙin gari ba komai ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya zoben tagulla ne ke cinyewa. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji kuwa haƙori ne ko boris, sai an buɗe. Buɗe giyar hannu ba sihiri ba ne, amma yana son tebur mai tsabta, da jera kaya bi da bi yadda suka fito, da abin zare boris maimakon kurfi, da kiyaye siraran wosha da ke daidaita tazarar shaf, waɗanda ba a musanya musu wuri. Zoben tagulla ana gwada shi ne a kan giyarsa: a danna a murɗa, in ya cije yana da rai, in ya zauna har ƙasa babu tazara ya gama. Otomatik kuwa, in an ga baƙin mai mai warin ƙuna da ɓarɓashi a kwano, a kai wa wanda aikinsa ke nan. Kuma ko gyarawa aka yi ko canzawa, a wanke bututun da ke kai mai lagireto, don dattin tsohuwar yana nan a ciki yana jiran sabuwar.

Mayarwa ita ce jarrabawar. Faifan kulochi yana da gaba da baya, galibi an rubuta gefen da ke kallon fulawil. A tsayar da shi a tsakiya da abin daidaitawa ko tsohon shaf, sannan a ɗaure murfin kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Giris a haƙoran shaf ɗan shafe ne kawai, in ya yi yawa zai fantsama kan faifai. Sai a ɗago giya a miƙe, a ɗan juya shaf har haƙora su shiga juna, a tura da hannu har fuskokin biyu su haɗu, dawel su zauna. Idan tazara ta rage kamar faɗin yatsa ta ƙi rufewa, akwai dalili: faifai ya goce, ko waya ta shiga tsakani, ko kwanbata ba ta zauna ba. A nan ne gajiya ke sa a ce "sa noti ya jawo ta". Noti zai jawo ta kuwa, yana da ƙarfin da ya fi tan ɗaya, amma abin da ya tare hanya shi zai karye. A giyar hannu tsakiyar faifai ce ko kunnen alminiyam. A otomatik famfon mai ne, kuma motar ba za ta motsa ba ko ta yi 'yan kwanaki ta tsaya. Kwanbata tana zama ne hawa-hawa: ana juya ta ana turawa, ta faɗa sau biyu ko uku har ta shige sosai cikin bakin giya, kuma littafin kowace mota ya ba da zurfin da za a auna. Alamar an yi daidai ita ce bayan an ɗaure giya da injin, kwanbata tana juyawa da yatsa, sai an ɗan jawo ta gaba kafin ta taɓa faranti. Notukanta gajeru ne na musamman, in aka sa masu tsawo suna lotsa bayanta su lalata kulochin da ke ciki. A wasu Toyota ɗaya daga cikinsu launinsa dabam ne, shi ake fara sawa don ya daidaita sauran.

Idan noti ya karye ko rami ya mutu, ba ƙarshen giya ba ne. Ƙarfe da alminiyam suna manne wa juna in sun daɗe, musamman inda ruwa ke taruwa, don haka mai tauri a jiƙa shi da man kwance tsatsa, a ɗan buga kansa, a riƙa kai shi gaba da baya. Wanda ya karye, mai walda yana ɗora masa ƙwayar noti a kai, zafin ma yana taimakawa ya saki. Mataccen rami ana huda shi a sa masa sabon tiredi na waya da ake kira helikoyil, ya koma ɗaukar notinsa na asali da ƙarfinsa na asali. Cusa tsumma ko waya ko gam a rami dabara ce ta fita daga daji, ba gyara ba ce.

Sit ɗin roba a duba su da kyau tun suna hannu. Mai yana narkar da roba, zafi yana tsattsaga ta. A sa notukansu duka da sako-sako, a saki nauyin injin ya zauna, sannan a ɗaure, don kada roba ta kasance a murɗe. Akwai kuma wata waya mai kauri da ke haɗa giya ko injin da jikin mota, yawanci a ƙarƙashin ɗaya daga cikin notukan nan. In an manta da ita, wutar kik za ta nemi hanya ta wayar kulochi ko ta giya ko siraran wayoyi ta ƙona su. Mai kuma a zuba wanda aka rubuta. Giyar hannu da yawa mai mai lamba GL-4 take so, kuma a irin waɗannan GL-5 na iya cutar da zoben tagulla. Otomatik kowace da nata: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, irin otomatik ɗin da ake kira CVT kuma manta dabam ne gaba ɗaya, ko launinsa ja ne ko ba ja ba.

Wanda ya zaɓi 'yar Beljiyam bai tsira daga ko ɗaya cikin waɗannan ba, domin ita ma ta wannan haɗin za ta shiga. A gwada lambar da ke jikinta da ta tsohuwar, a ajiye su gefe da gefe a ƙirga ramuka da wuraren sensa da haƙoran shaf, a juya ta da hannu a sa kowace giya, a canza sil ɗinta tun tana ƙasa. Bayan an gama, mai mota yana da haƙƙin ya ga kwalin notuka babu ko ɗaya a kai, ya ga tsofaffin kayan da aka cire, ya tambaya ko dawel biyu suna ciki. A tayar da mota tana kan ƙafafun ƙarfe a saurara, a fita gwaji a bi kowace giya har ribas, a dawo a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Bayan mako ɗaya na aiki a sake kawo ta, a bi notukan bakin giya da na sit da na shaf da sifanar awo, a kuma duba yawan mai.